Nomau Mai Lodin Jirgi

A wani ƙauye an yi wani saurayi, Nomau, shi kaɗai Allah Ya bar wa mahaifiyarsa, Inna Tabawa. Ga ƙarfi, ga ladabi, sai dai abin da ka faɗa masa, shi ɗin zai yi, ba ragi ba ƙari. Kawunsa ya samo masa aikin lodin kaya a filin jirgi, amma na gwaji. In wata ya ƙare bai iya ba, sai gida. Inna ta yi ta addu'a.

Wata rana shugaban masu lodi, Malam Haladu, ya ce, "Aikin nan sai mai ƙarfi. Ɗaga akwatin nan mu gani." Nomau ya ɗora a ka. Aka kira Haladu ofis, ya manta. Bayan azahar ya tarar da shi tsaye yana zufa.

"Kai, lafiya?"

"Ranka ya daɗe, ba ka ce in sauke ba."

Wata rana aka kawo kwalin tangaram. Haladu ya ce, "Wannan kamar jariri za ka riƙe shi." Nomau ya ari zani wurin mai shara, ya goya kwalin, yana jijjigawa. Abokan aiki suka ce, "Maijego, yaushe suna?" Ya ce su rage murya.

Wata rana, gab da ƙarshen wata, aka jera jakunkunan masu tafiya Umara a gindin jirgi, kowa ya nuna tasa aka loda. Saura wata koriya. Haladu ya ce, "Wannan ba ta hawa sai mai ita ya nuna ta." Nomau ya saɓa jakar, ya bar keken da yake tura kaya da shi a gaban jirgi, ya nufi ɗakin jira yana kira, "Ina mai koriya?" Jirgi ya rasa hanya. Haladu ya dafe kai, ya ce yau yaron nan zai kwana ƙauyensu.

Can sai ga Nomau riƙe da hannun wata tsohuwa. A masallacin mata barci ya sace ta, carbi a hannu, ba ta ji kira ba. Ya kawo ta har gindin jirgi, ya dire jakar.

"To, Iya, nuna."

Ta nuna, tana hawaye, ta ce, "Ɗan nan, in na ga Ka'aba, da sunanka zan fara."

Haladu ya daɗe yana kallonsa, sannan ya miƙa masa riga mai ƙyalli ta cikakkun ma'aikata. "Ungo. Kada in ji ka cire ta."

Har yau duk ran da ya je gida, Inna Tabawa na fama da shi in zai shiga wanka.