Rasuwar Baba Tsoho, Injin Waldar 'Yan Mata

Da zuciya mai nauyi, da baƙin cikin da ya ƙi haɗiyuwa, malamar walda ta makarantar sakandaren koyon sana'a take sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar tsohon injin waldarta, wanda ɗalibai suka fi sani da Baba Tsoho. Ya cika a kusurwar ɗakin aiki, bayan gajeriyar jinyar da ba shi ya jawo wa kansa ba.

Marigayin ba kyakkyawa ba ne. Gefensa ya lotse, tayarsa ɗaya ta karye tun Malama tana ɗaliba, ita kaɗai mace a ajinsu, aka tallafe shi da guntun katako. A wurinsa ta koyi haɗa ƙarfe ba tare da hannunta ya yi rawa ba, kuma bai taɓa tambayar wanda ya tsaya gabansa ko namiji ne ko mace ba. In an kunna shi da safe sai ya yi gyaran murya, "gurrr", kamar dattijon da aka tasa daga barci, sannan ya shiga "tsss, tsss" har ƙarfe ya kama ɗan uwansa. Abu ɗaya yake roƙo a duniya, in ya ɗau zafi a bar shi ya sha iska.

Da aka kawo sabon inji, shugaban makaranta ya ba ajin maza, wai su ne za su ci abinci da sana'ar. Tsohon ya faɗo rabon 'yan mata, ya kuwa riƙe su riƙon amana. A gabansa wata ɗaliba mai suna Doguwa ta goge, har haɗinta ya fi na kowa kyau. Mahaifinta mai ƙera ƙofofi ne, idonsa ya fara dushewa, yana ta lallaɓa rumfarsa kafin ta ci jarrabawa ta samu takardar shaida ta karɓe shi.

Ajali ya zo ne tare da baƙi. Aka ce manya za su zo su ga yadda 'yan mata suka rungumi aikin hannu. Shugaban ya dubi marigayin ya ce, "Wannan ƙazamin za mu nuna wa mutane? A shafe shi da fenti." Mai fenti ya yi aiki tsakaninsa da Allah, ya toshe har ramukan da injin ke shaƙar iska. Malama ta nemi a kankare, shugaban ya ce, "Haba Malama, ki bari baƙi su tafi mana, kada ki ɓata ado."

Ranar aka jera 'yan matan, aka shiga ɗaukar hoto. Wannan baƙo ya ce a sake tartsatsin, wancan ya ce nasa bai fito da kyau ba. Tun hantsi har rana ta take ba a kashe injin ba. Malama tana jin muryarsa ta sauya, tana kallon shugaban, shugaban yana kallon baƙi. Ana tsakiyar tafi ya yi "ƙiii" sau ɗaya, warin ƙonanniyar waya ya cika ɗakin. Da mai gyara ya buɗe cikinsa, sai ya mayar da murfin ya girgiza kai.

Ya rasu ya bar Malama, da 'yan matan ajin ƙarshe waɗanda jarrabawar gwajin aiki ke gabansu, da gilashin kare ido mai tsaga, da ƙofar da Doguwa ta haɗa rabi. Ya kuma bar ƙaninsa, sabon inji, yana nan garau a kulle. Malama ta roƙa a ara musu shi ko na wuni ne. Aka ce maza ma jarrabawa gare su, kuma ai kowa ya ga abin da mata suka yi wa nasu. Wannan magana ta fi mutuwar yi mata ciwo, ta zagaya bayan ɗakin aiki ta yi kukanta.

An riga an mayar da 'yan matan ajin ɗinki. Doguwa har yau ba ta faɗa wa mahaifinta ba.

Za a fitar da gawar da safiyar ranar jarrabawa. Mai sayen tsofaffin ƙarafa zai jira da amalankensa a bakin ƙofar makaranta, masu gaisuwa kuma za su sami Malama a ɗakin aiki. 'Yan matan sun nemi izinin su ɗauke shi da kansu, tunda ba su da abin yi a ranar. Shugaban ya amince, ya ce wannan kam aiki ne da za su iya.