Kawu Tanimu da Ƙugin Waƙar Zulai

Gidanmu a Funtuwa mu huɗu ne: Inna, ni, Yaya Hafizu mai haɗa kiɗa a shagon ƙofar gida, sai Kawu Tanimu ƙanen Inna. Kawu ba mugu ba ne. Kawai dai in ka ce masa ya sa ido a kan tukunya, to ka yi sauri ka riƙe shi kafin ya ƙone fuska.

Abin da ya faru, Zulai Bakori, mawaƙiyar da ta rage wa Yaya, ta ce ta ba shi zuwa Juma'a. In waƙarta ba ta fito tas ba, Kano za ta koma. Su masu manyan situdiyo suna da manhajar mastarin mai tsada, wato ta gyaran ƙarshe da ke sa waƙa ta fito da ƙarfi. Yaya kuwa mai araha ya samo.

Wata rana Yaya zai tafi masallaci ya ce, "Kawu, in intanet ta dawo ka danna nan, a sauke manhajar." Kawu ya riƙe kalma ɗaya, ya bar sauran. Yaya ya dawo ya tarar da kwamfuta a ƙasa, kan tabarma.

"Kawu, mene ne haka?"

"Na sauke. Har da allonta, kar ka ce na yi rabin aiki."

Wata rana kuma Yaya yana sauraro ya yi tsaki ya ce, "Muryar nan tana son wanki." Ko minti goma ba a yi ba muka ji Inna tana salati a tsakar gida. Makirfo ne a cikin baho, kumfa har wuya, Kawu yana dirza shi da soso. "Ta nan muryar take shiga," in ji shi, "dattin ma a nan yake." Kwana biyu makirfo yana shanya a kan igiya tare da zannuwan Inna.

Wata rana Yaya ya ce gangar ba ta da nauyi. Ba sai na ja ku ba: dutsen niƙa, a kan sifika. Sai da muka taru mu uku muka ɗauke shi.

To, ranar Alhamis fa ido ya raina fata. Akwai wani ƙugi, "zuuuu", a ƙarƙashin waƙar, kwana uku ke nan ya ƙi fita. Yaya ya danna wannan, ya murɗa wancan, ya rage har muryar Zulai ta koma kamar ta sauro, ƙugi yana nan daram. Ya dafe kai.

"Araha ba ta ado! Wa zai fitar min da ƙarar nan waje?"

Kawu ya miƙe. Ya karkata kunne, ya bi bango a hankali kamar mai neman kunama, har kusurwar da Inna ta ajiye ƙaramin firjin zoɓonta. Ya zare wayar wuta, ya rungumi firji, ya yi waje da shi.

Shago ya yi tsit.

Yaya ya mayar da waƙar yadda take tun farko, ya kunna. Tas! Ashe ƙugin bai taɓa shiga waƙar ba, a ɗakin yake. Kwana uku yana zagin manhaja, baiwar Allah ta gama aikinta tuni.

Da Zulai ta zo ranar Juma'a, sau uku ta sa a maimaita mata, tana kaɗa kai. Ta ce, "Kano ta yi haƙuri, ina nan." Yaya ya ba ta labari, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta juya.

"Kawu Tanimu, wallahi ka fitar da mu kunya!"

Kawu ya ɓata rai. "A'a, Hajiya, firji kaɗai na fitar. In kunyar tana ciki, ku nuna min inda take."