Mushe Kod ya koma bayan gawo

Allah ya yi wa Kanan-Bakashe gata da ya ba ta wani ɗanta mai suna Na Allah. Kwana biyu kacal ya yi a wani taron horo a Tasawa kan kare sirrin waya, amma ya dawo da ilimin da wasu sai su shekara bakwai a jami'a ba su samu ba. Ya dawo kuma da kati mai igiya, wanda yake ratayawa har zuwa masallaci. Tun daga ranar aka daina kiransa da sunan yanka, sai Mushe Kod, wato malam mai lambar sirri da Faransanci.

Mutum ne mai taimako. Duk wanda bai iya kulle wayarsa ba, sai ya kai masa. Mushe Kod zai karɓa, ya ce aikin na buƙatar natsuwa, a dawo gobe. Lambar sirrin shi yake zaɓa, shi yake riƙewa, don kada ta yi wa mai wayar nauyi. Haka rabin wayoyin gari suka kwana a ɗakinsa, kuma ba wanda ya tuna cewa ba a ba kura ajiyar nama.

Sai ƙungiyar manoman wake ta tashi zaɓen wanda zai riƙe wayar ƙungiya, mai ɗauke da lambobi da saƙonnin kowa. Wannan muƙami ya hana Mushe Kod sukuni. Abokin takararsa Danda ne, wani dattijo mai tsohuwar waya ɗaure da roba, wanda a yini bai fi ya ce uffan sau uku ba.

Ranar zaɓe Mushe Kod ya aro bafil, babbar lasifikar da ake kai wa gidan biki, ya haɗa ta da wayarsa ta bulutut don a ji taken da ya tanada wa kansa. Aka ji. Sannan ya gyara kati ya fara.

"Jama'a, attention! Waya rumbu ce. Wa ka barin rumbu nai buɗe? Ku kuna sauraren wokal, saƙon murya, tsakar kasuwa, kowa na ji. Wanga jahilci ne, c'est grave, abin ya yi muni! Mutum mai wayewa, in saƙo ya zo mai, keɓewa shikai."

Kamar an shirya, wayarsa ta yi ƙara. Saƙon murya ne.

"Ku duba ku koya," in ji shi.

Ya taka a hankali har bayan wani gawo, taku goma daga taro. Ya juya baya, ya manna waya a kunne, ya danna. Bai ji komai ba. Bafil kuwa, wadda ba wanda ya raba ta da wayar, ta buɗe baki da muryar ƙanwarsa Zara'u, mai aure a Hawandawaki.

"Yaya, ina wuni. Zancen nan da ka gani cikin wayar Garba, na za shi saida gonar gadonsu ba da sanin 'yan'uwa nai ba, wallahi ban hwaɗa ma kowa ba, sai ƙawata Ummi. To, ka ce wayar liman na hannunka. Mi ka gani ciki?"

Garba na zaune a sahun gaba, yayyensa biyu a dama da hagunsa. Suka juyo suka dube shi. Liman ya shafa aljihu.

A bayan gawo, Mushe Kod ya girgiza waya, ya ƙara sauti, ya sake dannawa. Mutum ne mai bin diddigi, don haka sai da ya danna sau uku. A karo na uku har masu awon gero a bakin kasuwa sun ji.

Ya dawo yana murmushi, ya tsaya gaban taro.

"Kun gani? Haka aka yi. Saƙon sirri ne ƙwarai, ni kaina ban ji shi ba."

Ba wanda ya musa masa. Liman dai ya miƙa hannu aka ba shi wayarsa, yayyen Garba suka ce wa ƙanensu ya zo su ɗan zaga.

Aka kaɗa ƙuri'a, Danda ya cinye kaf. Ba don ya taɓa zuwa taron horo ba. Bai iya karatu ba, kuma kunnensa ɗaya ya daɗe da mutuwa.