Lamba Biyar Ta Tare a Bangon Biro

Da babban yatsa a kumbure nake rubuta muku yau, jama'a. Da hantsi na riƙe wa maƙwabcina Aghali ƙusa, shi ya riƙe guduma, ga shi mutumin da ya girma da akalar raƙumi ba ya bambanta kan ƙusa da yatsan tsohon malamin lakwal, wato makarantar boko. Abin da muke kafawa kuwa adireshi ne. Bari in faro daga tushe.

Aghali da yayarsa Tata cuku suke sayarwa. Tata ke riƙe da matan da ke haɗa shi a zango biyu, ɗaya wajen Tenhya, ɗaya bayan Belbeji, Aghali kuma na zaman rumfa a kasuwar Tanut. Tun ina saurayi, in kana da saƙo sai ka miƙa wa direban kamyo ka ce "Aghali mai cuku", kafin la'asar ya isa.

Sai wani babban mai kanti a Yamai ya ɗanɗana cukun, ya ce zai riƙa saye duk wata. Amma kamfaninsa ba ya rubuta wa "mai cuku" wasiƙa, sai adireshin hukuma. Zai aiko da yarjejeniya, a sa hannu a mayar cikin kwana ashirin, in ba haka ba ya nemi wasu. Tun farin da ya share musu garke, wannan ce ƙofar farko da ta buɗe wa matan nan.

Aghali ya ja ni, tunda ni ke karanta masa takardu, muka tafi Biron Rabon Adireshi. Ɗaki ɗaya ne, da fanka a sama tana jiran ranar da za a kawo lantarki. A ƙarƙashinta Mai Girma Sarkin Lamba, Uban Ƙidaya, Allah ya ja zamaninsa. Wata bakwai da buɗe biron, mu ne baƙinsa na farko, shi ya sa ya bar mu a benci awa biyu don kada mu raina aikin.

"Ranka ya daɗe, adireshi uku muke so," in ji Aghali.

"Ba a sayar da uku. Takwas-takwas suke zuwa."

"To ba ni takwas ɗin."

"Shida za ka samu. Ta farko ta biro ce. Ta ƙarshe ta shela ce, in ana son yi wa sauran magana baki ɗaya."

"Wa zai yi mana shelar?"

"Ba a naɗa shi ba tukuna."

Ya ƙara da cewa a ƙasashen Turai har injunan lissafi an fara ba kowanne lambarsa don su gane juna ta waya, bai kamata Damargu ta zauna a baya ba. Na yi littattafai da yawa a rayuwata, jama'a, amma ban taɓa karanta inda aka sayi kaji takwas mai kajin ya riƙe biyu, mai saye ya yi godiya ba. Aghali ya yi godiya.

Aka ba mu alluna shida na ƙarfe, da doka biyu. Dole a kafa kowanne a jikin abin da ba ya motsi. Wanda aka kafa kuma ba ya tashi sai bayan shekara biyar. Muka kafa ɗaya a rumfa, ɗaya a rijiyar Belbeji, lamba biyar a jikin wata aduwa kusa da zangon Tata. Lambar nan ce aka aika wa mai kanti a matsayin adireshi. Ragowar, ɗaya a shingen awaki, ɗaya a turken jaki, ɗaya a ƙofata.

"Kai ma ka cika sharaɗi, Mushe," in ji Aghali. "Tun rasuwar matarka Raliya ba ka wuce bakin zauren nan ba."

Damina ta sauka, zangon Tata ya bi ciyawa arewa kamar yadda ya saba tun kafin a haifi takarda. Wasiƙa ta iso biro. Muka je a guje. Ga ta nan a kan tebur, taku ɗaya daga hannun Aghali.

"Ba taka ba ce," in ji Mai Girma. "Ta lamba biyar ce."

"Ai ni ne lamba biyar!"

"Kai mutum ne. Lamba biyar aduwa ce. Motar biro za ta kai mata."

"Yaushe?"

"In an samu esansi."

Esansin watan kuwa, wato man motar, ya tafi Damagaram ɗaurin auren ɗan ƙanwar Mai Girma, bai dawo ba. Rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Kwana goma sha ɗaya Aghali yana zuwa kowace safiya ya gaida wasiƙarsa, ya tambaye ta kwanan gajiya, ya koma gida.

Yau Tata ta iso a kan raƙumi. Ta ji labari, ta buɗe jakar fata ta zaro lamba biyar, duk ta yi maiƙo. Ashe ranar da suka tashi ta ɓamɓare ta.

"Wa ke barin ƙarfe mai kyau a jikin itace?" in ji ta. "Da shi nake rufe ƙwaryar nono."

Muka rufa mata baya zuwa biro. Ta ajiye allon a kan tebur, gefen wasiƙa.

"Ga lambar, ɗana. Ba ta kayanta."

Mai Girma ya dafe ƙirji. "Inna, wasiƙa ke zuwa wajen adireshi, adireshi ba ya zuwa wajen wasiƙa. Kin ma karya doka. Wannan yanzu ba adireshi ba ne, faifai ne."

"Me zai mai da shi adireshi?"

"A kafa shi a jikin abin da ba ya motsi."

Tata ta dubi fanka, ta dubi tarin takardun da gizo ya yi wa saƙa, ta dubi Mai Girma tun daga hula har takalmi.

"Aghali, nemo ƙusa. Na zaga Damargu kaf, ban ga abin da ba ya motsi kamar ɗakin nan ba."

Nan yatsana ya shiga tarihi. Mai Girma ya buɗe littafin doka, ya duba gaba, ya duba baya, bai ga inda aka hana ba. Sai fuskarsa ta washe, don ya tuna rahoton ƙarshen wata. Ya gyara hula, ya ɗauki wasiƙa, ya yi taku uku, ya miƙa wa bango. Ya dawo ya rubuta cewa duk wasiƙun da suka shigo bana an kai su, ba tare da an ƙona ɗigon esansi ba. Ina mai tabbatar muku za a ƙara masa girma.

Na karanta yarjejeniyar, Tata ta dangwala yatsa, saura kwana tara, kamyon gobe zai wuce da ita. Amma akwai layi ɗaya da na karanta da ƙarfi sau biyu, don ladan kunnen Mai Girma. Motar kanti za ta riƙa ɗaukar kaya a lamba biyar farkon kowane wata, kuma dole cukun ya kwana uku a adireshin kafin ta zo.

"A nan?" in ji shi. "A cire allon!"

"Shekara biyar, ranka ya daɗe," in ji Aghali. "Dokarka ce."

Da za mu fita na tambaye shi ko zai ba ni lambar shelar nan da ke zaune banza, in kafa wa Raliya. Shekara shida ke nan ba ta gusa ko taƙi ɗaya ba, babu wanda ya kai ta cika sharaɗi. Ya ce ba damuwa, amma sai ta zo da kanta, da hoto biyu.

Na ce zan aika mata wasiƙa, da zarar motar biro ta samu esansi.