Zakaran Ɗori da Ƙwayar Ƙarfin Ƙashi

Wani ne a Kwandiko, maƙwabcina, danga ɗaya ce tsakaninmu. Ba zan faɗi sunansa ba, don 'ya'yansa mutanen kirki ne, kuma ba su suka taɓa mini zakara ba. Amma maganar zakaran nan ba ta mutu ba, duk wanda ya ce ta mutu ya zo ya same ni.

A shekarun nan ne da kuɗin mai ya shigo ƙasa, babura suka cika ƙauyuka. Ƙanin matarsa, Maikuɗi, ya sayo sabon babur daga Kano. Mutumin, wato maƙwabcin nawa, ya ce a ba shi ya ɗana. Ya tambayi yadda ake tayarwa, aka nuna masa. Ya tambayi yadda ake ƙara wuta, aka nuna masa. Yadda ake tsayarwa kuwa bai tambaya ba. Ya yi ta zagaya gari yana ihu a ba shi hanya, har rumbun Liman ya tsayar da shi. Rumbu lafiya lau. Ƙwaurinsa na dama ya karye.

Aka kira Dabo maɗori. Shi Dabo yana da al'adarsa ta gado, ba ya ɗora mutum shi kaɗai. Sai an kawo masa kaza ya karya ƙafarta, ya ɗora su tare da mai karaya. To, gidan babu ko ɗan tsako, annoba ta share akurkinsu tun bara. Ana cikin neman mafita sai zakarana ya hau danga ya yi cara.

Ina so a fahimci irin zakaran da ake magana. Ba irin na gida ba ne. A gidan gona na saye shi a Birnin Kudu, watan da na ajiye aikin koyarwa, don ya gyara mini irin kajina. Ja ne wur, tsayinsa ya kai gwiwata. A kan cinyata ya zo garin nan cikin mota.

Ina dawowa daga sallar azahar na ji kukansa a gidan maƙwabta. Na yi sallama na shiga. Ga mutumin kwance a tabarma, ƙafa ɗaure da karare da tsumma. Ga zakarana kwance a gefensa, shi ma ƙafa ɗaure da karare da tsumma.

Na ce, "Wa ya ba ku izini?"

Mutumin ya ce, "Malam, aro ne."

"Ana aron abu a karya shi?"

"An karya kam, amma ai ga shi an ɗora. Shi kyauta ma aka ɗora masa."

Na sunkuya zan ɗauki abina, Dabo ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Malam, yanzu kuma ba ya ɗaukuwa. Ƙafarsu ta zama ɗaya. Ranar da zakara ya taka ƙasa, ranar shi ma zai taka. Abin da ya sami wannan ya sami wancan."

Na haɗiye fushina don haƙƙin maƙwabtaka. Na ce to, a ba shi gero mai tsabta da ruwa mai kyau, ranar da ya taka a dawo mini da shi. Suka ce sun ji.

Ran kasuwar Gwaram, Maikuɗi ya dawo da wata kwalba. Da ma abin yana damunsa, tunda babur ɗinsa ne. Ya ce a wajen masu motar magani ya saya, waɗannan masu lasifika a kan rufi.

Ya ce, "Yaya, ƙwayar ƙarfin ƙashi ce. Mai motar ya rantse wata tsohuwa ta sha, jaki ya harbe ta, jakin ne ya karye."

Da yake rubutun jikin kwalbar na boko ne, ni aka kira. Na sa tabarau na karanta musu dalla-dalla. Na ce akwai wani sinadari a ciki da ake kira sitirontiyam. Na ce an rubuta ƙwaya ɗaya a rana, ba ƙari. Na ce an rubuta tana iya kawo gudawa, da tashin zuciya, da ciwon kai, da ƙuraje. Na ce an kuma rubuta a ga likita kafin a sha, kuma likita yana Birnin Kudu, ba a kan rufin mota yake ba. Na maimaita musu kamar yadda nake yi wa 'yan aji ɗaya.

"Kun gane?"

"Mun gane, Malam."

Ban kai ƙofar gidana ba na ji shi ta danga yana ce wa matarsa, "Turai, ɗaya a rana ai na mai lafiya ne. Ni da na karye fa? Miƙo kunun nan." Ya cika tafin hannunsa da ƙwaya ya watsa a baki.

Washegari tun hantsi aka fara. Mutum ba ya iya tsayuwa, ciki kuma ba ya jira. Turai ta kama hammata, Maikuɗi ya kama ƙafa mai lafiya, mai karayar tana gaba a miƙe kamar bindiga. Su kai shi bayan gida, su dawo da shi, kafin bayansa ya taɓa tabarma ya ce, "Ku koma!" Da suka gaji suka shimfiɗa masa tabarmar a bakin bayan gidan, nan masu dubiya suke samunsa. Kansa kuma ya ce kamar mata na surfe a ciki. Ƙuraje suka feso masa har ƙarƙashin ɗorin, inda hannu ba ya kai.

Turai ta ce, "Maigida, ina muciyata?"

Ya ce, yana susa da ita, "Tana aiki."

Kowane mai hankali nan zai jefa kwalbar a masai. Shi kuwa ya kwanta yana kallon zakarana yana tsattsagar gero hankali kwance. Can sai ya ce, "Turai, me Dabo ya ce?"

"Ya ce abin da ya sami wannan ya sami wancan."

"To ni don me nake shan wahala? Shi ya sha, ni in warke. Shi ba sai an ɗauke shi zuwa bayan gida ba. Ko wando ba shi da shi."

Aka daka sauran ƙwayar a turmi, aka kwaɓa da dusa. Da zakaran ya ƙi ci, aka buɗe masa baki aka ɗura. Zakaran da na ɗauko a kan cinyata! Ni duk ban sani ba, sai dai na lura cara ta ɗauke a unguwa.

Shi mutumin, da ya daina sha, ciki ya lafa. Ya ce wa Turai, "Kin gani? Dabara ta ci." Zakara kuwa zankonsa ya kwanta, gashi ya fara zuba, ido ɗaya a rufe, bayansa kamar an buɗe famfo.

Dabo ya zo duba ɗori. Ya kalli zakaran ya girgiza kai. Ya ce, "Kai, wannan kam ya kama hanya."

"Wace hanya?"

"Wadda ba a dawowa."

Mutumin ya kalli ƙafarsa. Can ya ce, "Ni fa?"

Dabo ya ce, "Ni dai tun kan kakana ba a taɓa ba zakaran ɗori ƙwayar bature ba. Ban san yadda take ƙarewa ba. Amma da ni ne kai, da na fara neman gafarar jama'a."

Ran nan aka bar mutumin a tabarma, aka ɗora zakara a kan gado, aka sakar masa gidan sauro. Furar maigida ta koma ta zakara. Aka karɓo rubutu, shi aka fara ba. In mutum ya zo dubiya ya ce, "Yaya jiki?" sai maigidan ya nuna gado ya ce, "Tambaye shi, shi ya sani." In zakaran ya lumshe ido, sai mutumin ya fara kalmar shahada. In ya buɗe, sai ya ce a dama kunu.

Da labari ya iso ni na shiga ko sallama ban gama ba. Na ce a ba ni zakarana in kai shi wajen malamin dabbobi tun yana da sauran numfashi.

Ya ce, "Haba Malam, a wannan halin za ka sa ni a mota? In hanya ta jijjiga ni na cika fa?"

"Ba kai zan ɗauka ba, zakarana zan ɗauka!"

"To ai shi ne."

Na fita na wuce gidan Dagaci kai tsaye.

Aka zauna a ƙofar fada bayan la'asar, gari ya taru. Aka turo mutumin a amalanke, yana rungume da zakarana cikin zanen Turai. Na miƙe na tsara ƙarata yadda ya kamata. Na ce an ɗauka ba izini, an karya ba izini, an ɗura ba izini. Na ce abin da nake nema a fili yake: a mayar mini da zakarana a kan ƙafafunsa biyu yadda na san shi, ko a je gidan gonar a sayo irinsa, kuma a ba ni haƙuri a gaban jama'ar nan.

Dagaci ya ce, "Kai, ka ji abin da Malam ya ce?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji. Amma a yi magana a hankali, yanzu muka samu barci."

Liman ya matso ya ɗaga zanen ya duba. Ya ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba zai ga magariba ba. Kafin ya zama mushe a yi asara biyu, a yanka shi, ko nama Malam ya samu. Ina Salihu mahauci?"

Salihu ya fito yana goga wuƙa a tafin hannunsa.

Ban ga lokacin da mutumin ya bar amalanke ba. Na dai ga amalanken ya kife. Mutumin da ake ɗauka ana saukewa ya tsallake Liman yana zaune, ya ratsa taro, ya haure dangar fada, karare da tsumma suna tarwatsewa a bayansa. Samari suka bi shi, ya bar musu ƙura. Kafin mu iso bakin kasuwa yana can ƙololuwar tsamiya, zakara a hammata.

Dabo ya ce, "Kun ga ɗorina!"

Maikuɗi ya ce, "Kun ga ƙwayata!"

Na ce, "Ku bar wannan surutu, a sauko mini da zakarana!"

Dagaci ya iso yana haki, rawani a hannu. Ya ɗaga kai ya ce, "Kai! Mai karaya ne ke hawa tsamiya? Ka warke sarai, kowa ya gani. Sauko ka ba Malam abinsa."

Mutumin ya zaro zakarana daga hammata, ya ɗaga shi sama, ƙafar zakaran tana lilo.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, da wace ƙafar zan sauko? Ba ka ganin ta tana reto?"