Tsirkiya ta Biyar a Bikin Mallawa

Ba zan taɓa mantawa da bikin nan na Mallawa ba, kuma ko ni na so in manta, mutanen Magarya ba su da niyyar taya ni.

Bari in fara da gitar. Ta yayana Sale ce, bas, irin mai kaurin muryar nan, mai tsirkiya huɗu, ja, fentinta ya koɗe a inda hannu ke gogawa. Cin rani ya yi ta zuwa Kano yana dako har ya saye ta a hannun wani makaɗi da ya tuba ya koma sayar da yadi. Daga Magarya har Dungas babu irinta. Shi ya koya mini a zaure lokacin ina koleji, yana bugun yatsuna da kara in na yi gaggawa (kullum ina gaggawa). Da aka ɗauke shi soja bayan shekarar da aka yi fari, ya rataya mini ita a wuya ya ce, "Amana ce. Kada ki ba kowa aro, kada ki bar ta a rana, kada ki yi mata dabara."

Na riƙe biyun farko.

Haka na gaji wurinsa a orkes, wato ƙungiyar makaɗan samarin gari. Da safe ina buga takardu a biro, wato ofis, da la'asar ina tsaye bayan maza ina kaɗa bas. Shugabanmu Mushe Isufu, malamin lakwal (Mushe muke ce wa malaman makarantar boko), bai taɓa son mace a cikinmu ba. Ya haƙura ne don gitar ba ta fita daga gidanmu sai da ni a maƙale.

Matsalar ita ce ba mai ji na. Ampili, akwatin ƙara sauti, ɗaya gare mu, da batir ɗin mota yake aiki, kuma kowa a cikinsa yake cusa wayarsa. Mai waƙa ya ɗauki rabi, mai ƙaramar gitar ya ɗauki sauran, ni a bar mini ɓurɓushi. Inna ta zo kallo sau ɗaya, da muka koma gida ta ce, "Na ga kina ta shafa abin. Yaushe za a koya miki kaɗawa?" Wallahi ranar ban ci tuwo ba.

Sai ga labarin za a kai orkes ɗinmu Damagaram gasar samari, kuma motar ba za ta ɗauke mu duka ba. Mushe ya faɗa yana kallon rufin ɗaki: "Wanda ba a jin amonsa ba sai ya tsare wuri ba. Bayan bikin Mallawa zan faɗi masu tafiya." Kowa ya san wa yake nufi. Ni da ban taɓa kaɗawa a gaban mutanen da ba su san ni da majina a hanci ba, Damagaram ɗin nan ita ce duk burina.

A kantin wani mai sayar da faifai na ga hoton. Wani ƙato ne a bayan kwalin faifai, rungume da bas, na ƙirga tsirkiyoyinta na ga biyar. Ban san sunansa ba, ban saurari faifan ba, ban tambayi kowa aikin ta biyar ɗin ba. Nan take na yanke hukunci: in aka ƙara wata mai kauri a sama, wadda ta fi duk sauran zurfin murya, ko kurma sai ya ji ni a ƙirjinsa. (Mai birebe ce ni, takardar gama koleji, ku tuna. A lokacin ina ganin takardar nan ta ba ni izinin sanin komai.)

Na nannaɗe gitar a zane na kai wa Tanko mai gyaran mobilet, ƙananan baburan nan. Da a ce ya kore ni da ya yi mini gata. Ina! Har tashi ya yi ya ba ni kujerarsa.

"Biyar kawai, Madmazel? In kina so bakwai ma sai in jera miki."

"Biyar na ce, Tanko. Kuma yau nake so."

Ya zaro wayar birki mai kauri, ya wanke ta da kananzir. Ya sa ƙusa a wuta har ta yi ja, ya huda kan gitar da ita, tsakanin kunnuwan da ake murɗawa a ɗaure tsirkiya. Na ji ƙaurin katakon Sale yana ƙonewa, amma na ce wa kaina haka ci gaba yake wari. Ya zura wani noti mai kunne a ramin, ya ɗaure wayar, ya ɗana ta da babban yatsa. Na ji wani gurnani mai daɗi ya ratsa cikina.

"Kin ji?" in ji Tanko. "Zaki ke nan."

Ban gwada ta a ampili ba. Ampili yana kulle a ɗakin Mushe, batir kuma na direban kamiyo ne, babbar motar da ke ɗaukar mu, sai ranar wasa yake ba mu aro. Ko gwajinmu na ƙarshe ban je ba, na aika cewa zazzaɓi nake yi, don kada a ga zakina kafin lokaci.

Ranar bikin muka hau bayan kamiyo, muka sha yashi da gargada har Mallawa. Ɗan wani babban ɗan kasuwar gyaɗa ne ke aure, baƙi har daga tsallaken iyaka. An share fili a ƙofar gida, an shimfiɗa tabarmi, an ɗaure amsa-kuwwa a saman wata bishiyar darbejiya tana fuskantar kasuwa. Da na kwance zanen, Mushe ya tsaya da wayar ampili a hannu.

"Mene ne wannan?"

"Tsirkiya ce, Mushe."

"Na birki na gani."

"Da can."

Ya rufe ido ya buɗe. "Ba ni da lokacinki yanzu. Huɗun nan na Sale su za ki taɓa. Wannan in kika kusance ta, a ƙafa za ki koma Magarya."

Na ce to. Kuma na yi biyayya, waƙa bayan waƙa, ina kaɗa abin da ba mai ji, wayar birkin tana gogar babban yatsana kamar tana roƙona. Ban lura gargadar hanya ta sassauta ta ba.

Muna da wata waƙa ta liƙi. A tsakiyarta duk kiɗa yakan tsaya cak, mai waƙa ya kira sunan babban mutum, shi kuma ya fito ya manna masa kuɗi a goshi, sannan ganga ta dawo. Wannan shirun na yi ta hange tun a gida. Wuri ne fili, ba mai danne ni. In ɗana ta sau ɗaya, zaki ya yi gurnani, kowa ya waiwayo, Mushe ya ji kunya, ni in tafi Damagaram.

Kiɗa ya tsaya. Mai waƙa ya kira Hajiya Dije, gwaggon ango, dattijuwar da ko maigari sai ya gyara zama in za ta wuce. Ta taso a hankali cikin farin mayafi. Ta kwance bakin zane, sai kuɗin ya suɓuce ya faɗi ƙasa. Ta sunkuya za ta ɗauka.

Ni ko kallonta ba na yi. Ƙafata na miƙa na murɗa ampili har ƙarshe, na ja tsirkiya ta biyar da duk ƙarfina.

Abin da ya fito daga amsa-kuwwar nan ba zaki ba ne. Doguwar ƙara ce, mai kauri, mai karkarwa, ta fara da ƙarfi ta ƙare da ɗan siririn kuka kamar mai neman afuwa. Duk wanda ya taɓa cin wake ya kwana ya san ta. Kuma ga Hajiya a sunkuye a tsakiyar fili.

Yanzu ku ji abin da mutanen kirki suka yi. Babu wanda ya motsa. Maza suka dubi sama kamar ana neman wata. Mata suka shiga gyaran ɗankwali. Wata ta ɗaka wa ɗanta duka tana cewa, "Ba na hana ka ba?" alhali yaron barci yake. Hajiya ta miƙe da kuɗinta kamar ba a yi komai ba, mai ganga ya ɗaga sanda zai rufe zancen. Haka ake yi. Haka aka yi tun kakanni: ba a ji ba, ba a gani ba, gobe ba wanda zai ɗaga.

Ni ce kawai ban san haka ba. Ni gani nake an zalunci tsohuwa, kuma gaskiya tana hannuna. Na yi tsalle na fizge mikoro daga hannun mai waƙa.

"Jama'a ku saurara! Wallahi tallahi ba Hajiya Dije ba ce ta yi tusa!"

Amsa-kuwwar tana fuskantar kasuwa, na faɗa muku. Masu awo, mahauta, masu jakuna, duk wanda bai ji ta farko ba ya ji wannan, da suna da komai.

Wani tsoho a kan tabarmar gaba, ashe taubashin Hajiya ne, wanda al'ada ta ba shi damar tsokanarta ko a gaban sarki. Ya yi ta cije leɓe tun ɗazu. Da na ambaci abin da sunansa sai na buɗe masa ƙofa.

"Dije!" ya ɗaga murya. "Har lauya kika ɗauko daga Magarya?"

Filin ya fashe. Mata suna faɗawa jikin juna, yara suna birgima. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mushe yana cewa, "Ajiye mikoron nan, don girman Allah ajiye," ni ina cewa, "Ku tsaya in nuna muku! Ga abin da ya yi!" Na ɗana wayar. Shiru, ta saki gaba ɗaya tana lilo. Tsohon ya ce, "Ta ƙi maimaitawa, kunya take ji." Na kama notin Tanko na murɗa. Na ƙara murɗawa. Ina jin katako yana ƙara a hankali, amma dariyar ta fi shi ƙarfi, na sa hannu biyu.

Kan gitar ya tsage daidai ramin da aka ƙona, ya karye ya rataya. Tsirkiyoyin Sale huɗu suka zube a kan zanena kamar taliya.

Ba a ƙafa na koma ba, an bar ni na hau kamiyon. Da ma a ƙafar ne. Kowa ya juya mini baya har gida.

Inna ta tasa ni gaba muka koma Mallawa ban haƙuri. Hajiya ta bar mu a durƙushe har ƙafata ta mutu, sannan ta ce, "Ƴar nan, wa ya tambaye ki? Ko da ni ce, wa bai taɓa ba? Da kin yi shiru da tuni an manta. Yanzu jikokina a Najeriya ma an ba su labari." Har yau ba ta sake fita taron biki ba.

Sale ya zo hutu da Sallah. Ya ɗauki gitar ya daɗe yana shafa ramin da yatsa. Na so ya zage ni, ya ƙi. "Wa ya ce miki ba a jin ki?" kawai ya ce, ya nannaɗe ta ya tura ƙarƙashin gado. Kafintoci sun gwada gyara ta, danƙo ba ya riƙewa.

An tafi Damagaram ba ni, ba bas, kuma ba su ci komai ba. Mushe ya gamu da ni a bakin biro bayan sun dawo, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Can sun ce kiɗanmu ba shi da gindi. Wai kamar akwai abin da ya ɓace." Inna ma da ta ji su a wani bikin suna ta ce, "Kiɗan nan ya zama fayau, me suka cire?"

Ni suka cire, Inna.

Yanzu da la'asar ina jiyo gwajinsu daga tagar biro, yatsuna suna tafiya a gefen tebur su kaɗai. Yaran unguwa in na wuce sai su sa baki a hannu su busa, ba sai na faɗa muku wace ƙara ba. Abin da na koya bai da yawa, kuma ya zo a makare: ashe duk lokacin nan ana ji na, ba a dai sani ba ne. In kuma kuka ga taro guda ya dubi sama a lokaci ɗaya, don Allah ku ma ku duba, ku bar mikoro a inda yake.