Ranar da Keken Inna Ya Yi Nasara a Kotu

Jiya da la'asar aka bugo min waya daga ofishin manyan lauyoyin gwamnati, waɗanda aka ɗora wa aikin kare mai saye daga cutar mai sayarwa. Akawunsu ne, na gane muryar tun bai gama sallama ba, don wata takwas ke nan tana ce min in dawo mako mai zuwa. Wannan karon cewa ya yi, "Malam, albishirinka, an yi nasara. Ka zo gobe ƙarfe goma, kuma ka sa kaya masu kyau, akwai 'yan jarida."

Ko tambaya ban tsaya yi ba, na faɗa ɗakin Inna, mahaifiyata, na ce mata gobe kekenta zai kwana a gida. Yau da safe na sa rigar da nake ji da ita, na ɗauki shatar tasi mai babban but saboda keken ya samu wurin shiga. Na bar Inna ta yi wanka tun da wuri, ta ɗaura zanen da take ajiya, tana zaune a bakin gado tana jiran a fita da ita.

Bari in koma baya kaɗan, don wanda bai san zancen ba. Kusan shekara guda ke nan Inna ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu, tun daga nan ƙafa ta daina ɗaukarta. Mu 'ya'yanta muka yi karo-karo muka saya mata keken guragu, ko da yake ba a faɗin wannan suna a gabanta, motata take ce masa. A wani shago muka saya mai ƙofar gilashi da sanyin na'ura, mai shagon yana rantsuwa wai ko ƙaton bijimi aka ɗora ba zai ce uffan ba. Kullum da yamma sai a turo ta ƙofar gida, gindin bishiya, inda ita da ƙawayenta ke zama suna yanke wa masu wucewa hukunci: wannan ta rame, wancan ya fara girman kai, waccan takalmin ba nata ba ne. Duniyar Inna ke nan gaba ɗaya, kuma ta ishe ta.

Sati uku keken ya yi. Ana cikin turo ta wata yamma tayar hagu ta cire ta yi gaba abinta, sai a kwata aka tsamo ta. Inna ta kife gefe guda. Allah ya taƙaita, ƙujewa kawai ta yi a gwiwar hannu. Na kinkimi keken na mayar shago, mai shagon nan da ya yi ta rantsuwa ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, ya nuna min wani ɗan mitsitsin rubutu a ƙasan rasit, wai kayan da suka fita ba sa dawowa.

Maƙwabcina mai walda, wanda unguwa ke kira Tartsatsi, ya juya keken ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ke riƙe da tayar, ya yi tsaki.

"Wannan ai gwangwani ne aka shafa wa fenti. Malam, ba ni rabin awa, in sa masa ƙarfen kirki, yau ɗin nan Inna ta sha iska."

Da na yi hankali da zancen ya ƙare a nan. To amma a daidai satin na ji Mai Girma Babban Lauya, Garkuwar Masu Saye, Dodon 'Yan Algus, yana tsawa a rediyo, wai duk wanda aka cuta ya yi shiru to shi ma yana cikin macutan. Abin ya shige ni. Na gyara tsayuwa na ce wa Tartsatsi zamanin ƙyale azzalumi ya wuce, doka ce za ta yi aikinta. Ya sauke tabaransa na walda ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a. Ni dai injina yana nan."

Washegari na kinkimi keken sai ofishinsa. In ba ku taɓa shiga ofishin nan ba kun yi asara. Kafet har yana haɗiye takalmi. Bango cike da hotunan Mai Girma: nan yana yanka kirtani, nan yana karɓar kambu, nan yana nuna wa wani buhu yatsa. Akwai tulun ruwan sanyi na zamani a kusurwa, wanda a duk zuwan da na yi ban taɓa ganin ɗigon ruwa a cikinsa ba. Wani matashin lauya mai ɗaurin wuya ne ya karɓe ni, yana ganin keken ya miƙe tsaye baki har kunne.

"Baba, Allah ne ya kawo ka! An sha kawo mana ƙara a kan irin keken nan, amma kowa sai ya kai an yi masa walda tukun ya zo. Naka ne kaɗai yake yadda ya karye."

Nan take aka ɗaura wa keken wani kwali mai hatimi, an rubuta Shaida ta Ɗaya. Ba zan yi muku ƙarya ba, kaina ya kumbura, don tun da nake ban taɓa zuwa na ɗaya a komai ba. Ina cikin jin daɗin sai na ga ƙarti biyu sun ɗaga shi sun shige wani ɗaki, sun fito sun datse ƙofa da kwaɗo.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina kuma za a kai shi?"

"Ɗakin ajiyar shaida. Sai an gama shari'a. Ai ba za ta ɗau lokaci ba."

Na ce to a ba ni shi na rabin awa a liƙa tayar, tsohuwa ta riƙa hawa, ranar zaman kotu in kawo. Ya dafe kai da hannu biyu ya ce lalata shaida babban laifi ne, ya ma yi kamar bai ji ni ba. Na ce to in muka lallaɓa muka samo mata wani fa, ko na aro? Ya rage murya ya matso kusa da ni.

"Kada ka soma, Baba. Lauyan kamfani na jin tana da wani keke zai ce to ina cutar da aka yi mata? Shari'ar nan tana buƙatar Inna a zaune."

Inna kuwa ta zauna. An ɗage zama saboda alƙali ya yi tafiya. An ɗage saboda lauyan kamfani na mura. An ɗage sau biyu saboda Mai Girma yana ƙasar waje wurin taron koyon yadda ake hanzarta kare mai saye. Ni kuma na zama ɗan gida a ofishin, har akawu ya riƙa tausaya min yana barina in leƙa keken ta taga, kamar mai ziyarar ɗan'uwa a gidan yari. Yana nan tsakanin wata tukunyar gas da katan-katan na man shafawa, ƙura ta rufe kujerar.

Kada wani ya ce mutanen nan ba sa aiki. A wata takwas ɗin nan sun buga kalanda, sun raba riguna masu rubutun Ka San Haƙƙinka, sun yi waƙar talla a rediyo wadda har yanzu matata ke rerawa in tana wanke-wanke. Haƙƙi kam na san shi yanzu ciki da waje, in aka tashe ni daga barci zan karanto shi.

Tagar ɗakin Inna katangar maƙwabta take kallo. Da muryoyi ta koma gane masu wucewa, in ta kasa sai ta ƙwala wa matata kira, "Ke, wa ke dariyar nan a waje?" Ƙawayenta sun riƙa shigowa da farko, daga baya zuwan ya ja baya, su ma ba ƙafar kirki gare su ba. A wata na biyar babbar aminiyarta da ke layin bayanmu ta kwanta jinya. Kwana goma sha biyu tana aiko wa Inna cewa tana son ganinta, har rai ya yi halinsa, tafiyar da ba ta fi minti biyar a keke ba. Wannan abin ban sa shi cikin raha ba, yana nan ya tokare min ƙirji, kuma na san da hannuna a ciki.

To, yau na isa tun tara da rabi. A filin bayan ofis an kafa rumfuna, an jera kujeru, lasifika na ta kuwwa, can gefe ga wata ƙatuwar katafila a tsaye. Na ɗauka titi za a gyara, har na yaba a raina. A tsakiyar fili an tara tsibin kaya, gwangwanayen da suka lalace da ƙwayayen fitila na jabu, a samansu kuma ga keken Inna an goge shi yana ƙyalli. Aka zaunar da ni a sahun gaba, kusa da masu manyan riguna.

Sai ƙarfe ɗaya Mai Girma ya iso. Ya karɓi makirfo ya ce kamfani ya durƙusa. Zai biya tara a baitulmali, ya daina shigo da irin wannan keke, sannan duk wanda ya sayi irinsa ya mayar da tsohon shago a ba shi sabo mai ƙwari nan take. Jama'a, na tafa har tafin hannuna ya yi zafi. Aka kira ni, ya rungume ni, ya miƙa min takardar yabo cikin gilashi, masu hoto suka yi ca a kanmu. Yana riƙe da hannuna ya ƙara da cewa, bisa umarnin kotu, yanzu za a lalata dukkan kayan shaida masu haɗari a gaban idon jama'a, don kada su sake cutar da kowa. Ya ɗaga hannu, katafila ta yi gurnani.

Na ƙwace hannuna na ɗaga sama ina ihu, "Ku tsaya! Ku tsaya!" Lasifika ta shanye muryata, jama'a suka ɗauka murna ce ta yi min yawa, suka ƙara tafi. Ƙarar da keken ya yi ba ta fi ta gwangwanin madara in an taka shi ba. Tartsatsi ya yi gaskiya a kan ƙarfen.

Na laluɓo matashin lauyan nan a cikin cunkoso, na ce masa yaya zan yi in karɓi sabon.

"Ai da sauƙi, Baba. Ka kai tsohon shago kawai."

"Wanne? Wanda kuka taka yanzu?"

Ya buɗe fayil ya bi yarjejeniyar da yatsa har sakin layi na huɗu, inda aka ce sai an kawo keken an ga lambar da ke jikinsa. Sai ya bayyana min, cikin ladabi ƙwarai, cewa masu yarjejeniya da kamfani suna hawa na sama, masu kula da shaida suna hawa na ƙasa, kuma in aka duba da kyau babu wanda ya yi kuskure a cikinsu. Na ce to a ba ni ɓaraguzan in kai, wataƙila lambar ta tsira. Akawu ya ce ai daga lokacin da katafila ta hau kai sun zama tarkacen gwamnati, sai dai in jira ranar gwanjo. Amma ya ba ni shawara in rubuto ƙorafi. Na ce in kai wa wa? Ya ce su.

Haka na dawo da tasi but ɗinta wayam, direban yana ta satar kallon takardar yabon a cinyata. A ƙofar gida na tarar da Tartsatsi, ya riga ya ji labari a rediyo. Ya ce tun azahar mutum uku da ya taɓa liƙa wa irin keken suka zo ya ɓalle musu waldar, suka wuce shago, ɗaya ma har ya dawo ta nan da sabo a leda. Bai yi min dariya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi.

Inna tana nan inda na bar ta, da zanenta na ajiya. Ta dube ni, ta dubi bayana, ta sake duban bayana. Na miƙa mata takardar, ta juya ta ta ce me aka rubuta. Na ce an ce ni ɗan ƙasa nagari ne.

"Madalla. Tana da taya?"

Na faɗa mata duk yadda aka yi. Ita Inna mace ce da ba ta yarda a ɗauke ta a gaban mutane, ta ce ita ba buhu ba ce, ko ranar rasuwar aminiyarta mun roƙe ta ta ƙi. Yau sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Juyo min bayanka. Na yi wanka, ba zan ɓata shi ba."

Na durƙusa ta hau. Rashin nauyinta ya ba ni tsoro, sai da idona ya kawo ruwa. Muna ƙetare dokin ƙofa ta matse min wuya ta ce a kunnena, "Bi a hankali. Ni da na goya ka ban taɓa kayar da kai ba." Na kai ta gindin bishiya na zaunar da ita a benci, ba a yi minti biyu ba ta gano wata ta rame.

Yanzu haka da nake wannan rubutu bayana na ta suka, ina jin wani abu ya goce a ciki. Don Allah in kun haɗu da manyan lauyoyin nan kada ku faɗa musu. Tsorona su ce shaida ce su ɗaura min kwali, Inna kuwa ba ta da wani.